Sunan da Ƙara Ta Cinye

Mawaƙiya Wiebke ta rubuta waƙar ne a makon da 'yan Nazi masu askin ƙwal-kwabo suka fasa wa abokinta Thanh kai a gabashin Berlin. Ta zage su tas, ta yi ta ƙwala kiran sunansa har muryarta ta dushe. Torsten, mai haɗa mata kiɗa, ya murɗa na'ura har ƙarshe kamar yadda suka saba, ganguna suna zuba kamar harsashi.

"Kai Torsten, ba a jin abin da nake faɗa fa."

"Ke dai bari! Ai fushin ake so a ji. Waƙa garau ai sai 'yan rediyo."

Bayan wata biyu, da rana tsaka, tana dawowa daga duba Thanh a asibiti, sai wata mota ta tsaya a danja. Samari huɗu ne a ciki, kai a aske, damtse duk zanen Nazi, suna gyaɗa kai. Waƙarta ce ke tashi.

Direban ya leƙo yana dariya. "'Yammata, kin ji kiɗan maza? Da shi muke fita farauta!"

Danja ta ba su hannu. Motar ta wuce, muryarta a ciki tana kiran Thanh.