Kamfani Yana Nan Lafiya

Da Auta zai bar gida, cewa ya yi da iyayensa ya samu kamfani. Ba ƙarya ya yi ba, gaskiyar ce ya gutsura, don uwarsa ta rantse duk ranar da ya sa kakin soja ba ita ba shi.

Sai da wayarsa ta yi wata biyu a kashe, ubansa Kafinta ya ɓalle akwatin yaron ya tarar da takarda: Kamfani na Uku, Bataliya ta Tara. Ya ce wa matarsa zai leƙa wurin aikin ɗan nasu, ya nufi bariki.

A ofis aka zaunar da shi kan benci mai ƙafa guda gurguwa, tun safe har rana ta take. Wani Saje na yanke farce da reza. Da ya ga dama ya karɓi takardar.

"Kamfani na Uku? Yana nan lafiya, Baba."

Kafinta ya yi hamdala ya miƙe. Saje ya ce ya koma ya zauna, ya tambaye shi ko ya san kamfani, ko ya ɗauka sabulu suke yi a can. 'Yan ofis suka kwashe da dariya.

Saje ya zazzage kwalayen ashana kan tebur. Ya ware tsinke goma, ya ce wannan sashe ke nan. Sashe uku filatun. Filatun uku ko huɗu kamfani, mutum ɗari da 'yan kai. Kamfani ya taru ya zama bataliya, bataliya ta taru ta zama birged, daga nan kuma ba a ƙirga kai, sai dai mota. Ya haɗe tsinkayen tari guda, ya zare goma, ya share su cikin kwandon shara.

"Ka ga tarin ya ragu?"

Kafinta ya ce bai ragu sosai ba.

"To, haka manya ma suka gani."

Kafinta ya tambayi sashen da Auta yake. Saje ya lashi yatsa, ya buɗe fayil, ya ce na biyu, ya nuna kwandon da haɓa. Da Kafinta ya yi zancen ɗauko gawa, aka ce masa ba a tura filatun ɗauko sashe, asara ce kan asara.

Kafinta ya durƙusa ya tsinci tsinke ɗaya daga shara. Saje ya ce ya ajiye, kayan ofis ne. Ya ajiye.

Ya samu matarsa tana shanya a tsakar gida. Ta ce yaya wurin aikin.

"Kamfani yana nan lafiya," in ji shi.

Ta ce ai ta sani, iskanci ne kawai na yaro ya ga birni. Bari ya dawo, sai ta ja masa kunne.