Suna na Biyar

A shagonta na gyara, Fumie ta kwance sukurun ƙarshe, ta buɗe kaset ɗin wasan, ta ga abin da take tsoro. Batirin ciki, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga, ya haura shekara talatin, har ya fara tsatsa.

"Baba, wannan ai da ƙyar yake numfashi," ta ce.

Tsoho Tokuda yana tsaye da hularsa a hannu, ya ƙi zama. Tun safe yake zagaya shagunan gyara na Osaka, kowa ya ce masa sauya batir ba wuya, amma da an cire tsohon, duk makin da kaset ya adana zai goge. Shi kuwa makin ne ya kawo shi.

Wasan ma ba wani sananne ba ne. Ƙwallaye masu launi ke faɗowa, ka jera uku iri ɗaya su ɓace. Kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rufewa. A jadawalin gwanaye suna biyar ne kacal: huɗu na sama SAE, matarsa da ta rasu bara, na ƙasa kuma TOK.

Fumie ta san dabara ɗaya. Ta soka kaset ɗin tsirara a na'urar wasa, ta kunna, don wuta ta riƙe makin, ta sa ƙarfe mai zafi ta narkar da dalma. In hannu ya ɗan karkace, shi ke nan. Ta zare tsohon batir, ta liƙa sabo, gumi na bin wuyanta. Ta kashe na'urar, ta kunna. Sunaye biyar suna nan daram.

Tsohon ya yi ta sunkuyawa yana godiya har ta ji kunya.

To, a sana'arsu ba a miƙa kaset sai an gwada. Ta ja madanni ta fara wasa. Ita kuwa Fumie, in ƙwallaye suka fara zuba, mantawa take da duniya. Ja uku, kore uku, shuɗi biyar a jere! Maki ya yi dubu bakwai, ya yi takwas.

"Fumie," in ji tsohon a hankali. "Ya isa haka."

"Haba Baba, na matarka sun fi dubu arba'in, ina ni ina su? Naka ne kawai a ƙasa, dubu tara. Ko na ture shi, ai gobe ka mayar da abinka."

"Ba zan iya ba. Ni ba na bambance ja da kore. Ranar da na ci wannan, tana gefena tana faɗa mini launi, tana zagina wai hannuna kamar na mai daka. Daga ranar, shekara ashirin da shida, kullum sai ta yi wasan nan, amma da ta kusa dubu tara sai ta ajiye ta ce shayi ya huce. Ta san in ta ci sau ɗaya, sunana zai faɗo."

Fumie ta dubi makinta. Dubu takwas da ɗari takwas, ga jar ƙwallo tana saukowa daidai kan jajaye biyu. Ta fizge ta gefe, ta jibge ta kan shuɗi. Ta biyo da wata, da wata, duk a inda bai dace ba, har tulin ya toshe sama, na'urar ta yi ɗan kukan faɗuwa.

Jadawalin ya fito. SAE, SAE, SAE, SAE, TOK.

Tokuda ya daɗe yana kallo. Sai ya ja kujerar da ya ƙi tun ɗazu, ya zauna.

"Ita ta fi ki iya faɗuwa," ya ce. "Sai da na shekara goma kafin na gane da gangan take yi."