Tsumman Allurai

Keken ɗinkin ya fara tsinka zare ne a tsakiyar wata riga, daga nan bai sake ɗinka layi ɗaya lafiya ba. Masu gyara biyu suka duba, kowa ya ce tsufa ne. Maigida kuwa, da ma keken ya tsone masa ido don ya cinye kusurwar falo, ya ce ranar Asabar mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo.

Ran matarsa mai ɗinki ya ɓaci. Keken mahaifiyarta ne, a kansa ta koyi sana'ar.

Ta ɗauki waya ta shiga bincike a intanet, tana rubutu kamar yadda take yi wa mai gyara bayani, tun daga shekarar da aka saye shi har irin kukan da yake yi. Abin da ya fito tallan sababbin kekuna ne, sai wani mutum mai yawan murmushi yana koyar da yanka siket.

Ƙanwarta da ke aiki a ɗakin karatu ta leƙo da rana, ta karanta rubutun ta yi dariya.

"Yaya, ai wannan tarihi kika ba shi. Abu uku yake so: sunan keken, lambarsa, da ciwonsa."

"Ba shi da lamba."

"Yana da ita. Wataƙila tana ƙarƙashin wancan."

Ta nuna tsumman da ke naɗe a wuyan keken, inda ake soke allurai. Inna ce ta ɗaura shi da hannunta, daga gefen wani tsohon zanenta, kuma tun rasuwarta ba wanda ya taɓa ƙullin.

"A'a," in ji mai ɗinki.

"To Asabar na nan tafe."

Mai ɗinki ta daɗe tana kallon tsumman. Sannan ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya, ta sa farce ta kwance ƙullin. Ga suna, ga lamba a kan ɗan farantin ƙarfe, fes kamar jiya aka buga.

Ta rubuta su, ta ƙara "yana tsinka zaren sama". Za ta danna sakamakon farko ƙanwar ta riƙe mata yatsa.

"Wannan talla ne, sauka ƙasa. Kuma kar ki yarda da mutum ɗaya, duba ko wani ya faɗi haka."

Wurare uku suka yi magana ɗaya: bakin allura kan karce ramin farantin da ke ƙarƙashinta, kaifin ya riƙa yanke zare. Ta shafa da yatsa ta ji shi. Ta goge da takardar yashi, ta taka keke, ɗinki ya tafi santal har ƙarshen ƙyalle.

Maigida ya leƙo, ya ji ƙarar, ya juya ya koma.

Ta mayar da tsumman wuyan keken. Ta ƙulla ta kwance, ta sake ƙullawa, ƙullin ya ƙi zama irin na Inna.

"Wannan kuma me zan rubuta?" ta tambayi ƙanwarta.

Ƙanwar ta shiga miƙo mata alluran.