Hannun Goggo

Gidan renon ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, tsakanin shagon ɗinki da na mai gyaran waya. Ƙarfe bakwai iyaye mata ke ajiye 'ya'yansu su wuce aiki. Ƙarfe sha ɗaya ake wanka. Jarirai tara, baho ɗaya, ma'aikata biyu: Goggo, wadda ta shekara goma sha takwas a wurin, da 'yar ƙaninta da ta rena tun tana goye, ta kuma samo mata aikin wata biyu da suka wuce. Yarinyar ta yi kwas na kula da yara, shi ya sa Goggo ke ce mata Likita, ba don girmamawa ba.

Tsarin Goggo bai taɓa canzawa ba. Ta juye tafasasshen ruwa a baho, ta sirka da na famfo, ta tsoma tafin hannu ta ce, "Ya yi." Matsalar hannun ne. Shekara talatin na wanki da guga da sauke tukunya ba tsumma sun mai da shi kamar ƙasan takalmi. Ruwan da zai dafa ƙwai, a wurinsa ɗumi ne.

"Goggo, ki fara zuba na sanyi, sannan ki gwada da gwiwar hannu," in ji Likita. Karo na nawa ke nan, ita ma ba ta sani ba.

"Ikon Allah! Ƙwai ya fi kaza wayo. In tsoma gwiwa kamar mai alwala? Kafin a haifi malaman da suka koya miki nake wanke 'ya'yan mutane."

"Fatarsu ba irin taki ba ce."

"Ke kin mutu da na wanke ki?"

Wannan ita ce hujjar kullum: ba wanda ya mutu. Kamar dai sai an ɗauki gawa ake yarda an yi kuskure.

Ran nan Likita na ɗaya ɗakin tana canza wa wata jaririya famfas, hannu ɗaya a kan cikin jaririyar don kada ta mirgino daga tebur, sai ta ji kukan. Kukan wanka daban ne, ta san shi, na shagwaɓa ne. Wannan ihu ne guda ɗaya, sannan shiru, sannan wani da ya fi na farko. Ta kwantar da jaririyar a gadonta ta ruga.

Kumatu ne, ɗan wata bakwai, ɗan wata malamar makaranta. Goggo ta danne shi zaune a bahon tana cuɗa masa baya.

"Rigimamme kamar ubansa. Yi haƙuri, angona, saura kaɗan."

Likita ta fizge shi. Ruwan da ya fantsamo mata a damtse ya sa ta ƙanƙance ido. Daga ƙugun yaron zuwa cinyoyi ja wur. Ta kai shi bakin famfo, ta buɗe ruwa a hankali yana bi ta kansa, tana riƙe da shi yana banƙarewa. Tana kallo fatar ɗuwawunsa ta fara tashi, ƙulli-ƙulli cike da ruwa.

Madam, mai gidan renon, ta fito daga ofis da waya a hannu.

"Me ya faru kuma?"

"Ya ƙone, Madam."

"Kai! Rage murya, akwai mutane a shagon tela." Ta leƙa, ta ja tsaki. "Wannan ce ƙuna? Goggo, miƙo man goge haƙori."

"Ba a sa wa ƙuna komai sai ruwa. Asibiti za a kai shi, a kira uwarsa."

"A kira ta a ce me? Saurara, 'yar nan. A shafa masa mai, a sa masa famfas. In ta zo ɗauka da yamma, ƙurajen famfas ne, kowane yaro na yi. Kwana uku ya warke."

"Famfas a kan wannan? Da fitsari da kashi har ƙarfe huɗu? Zai manne, in an zo cirewa da fatar zai taho."

"To ji nan. In maganar ta fita daga ɗakin nan, ba ni zan tafi ba." Madam ta nuna Goggo da haɓa. "Ita ce. Shekarunta sittin, wa zai ɗauke ta aiki? Ki yi tunani."

Goggo na tsaye inda aka bar ta. Ta sake tsoma hannu a bahon, ta juya shi a ciki, ta ɗago tana kallon tafin.

"Wallahi ɗumi ne," ta ce a hankali. "Likita, zo ki taɓa. Ɗumi ne."

Likita ta gyara riƙon yaron a bakin famfo. Ta bar ruwan yana zuba har minti ashirin suka cika a agogon bango, Madam na kai da kawo tana cewa ana ɓarnar ruwa. Kukan yaron ya koma shessheƙa. Ta lulluɓe shi sako-sako da zani mai tsabta, ta ɗauki littafin da ke da lambobin iyaye.

"'Yar nan," in ji Goggo. Ba ta ce Likita ba. "Rufa mini asiri. Ni ce fa."

"Na sani, Goggo."

Likita ta kira uwar yaron a bakin titi tana tsayar da tasi.

A asibiti uwar ta iso da gudu, alli bai bar hannunta ba. Nas ta buɗe zanin, uwar ta sunkuya a kan ɗanta.

"Me kuka shafa masa?" in ji nas.

"Ba komai. Ruwan famfo kawai."

"Gara da haka. Za mu kwantar da shi. Cinyar hagu za ta bar tabo."

Uwar ta ɗago kai. "Wa ya yi masa wanka?"

Likita ta shiga naɗe zanin yaron. Uwar ta sake tambaya, a hankali wannan karon. Sai ta faɗa mata Goggo ce.

Da la'asar Likita ta koma gida. Goggo na zaune a bakin ƙofa, kusa da ita leda ɗauke da silifas ɗin aiki da kofinta na shan shayi. Abin da Madam ta ba ta ke nan bayan shekara goma sha takwas.

"Sannu da gida, Goggo."

Goggo ta kau da kai.

"Za a sallame shi nan da mako guda, in ji nas."

Goggo ta gyara zama ba ta dube ta ba. "Ke ma Madam ta ce kada ki koma."

"Na sani."

"Kin san komai ai." Ta jawo ledar jikinta don ta ba da hanya. "Wuce ciki. Kada kayana su taɓa ki."