Masu Jegon Stains Duk Lafiya Lau

Autarmu Shamsiya karatun ungozoma take a birnin Lyon, nan Faransa. A shekarar ƙarshe aka ɗora mata aiki. Wasu likitocin Turkiyya sun tsara tambayoyin auna yadda mace ke murmurewa bayan haihuwa: barci, ciwon baya, kuka ba dalili. Ita za ta mayar da su Hausa, ta gwada a kan matanmu, a ga ko ma'aunin yana kama gaskiya. In aikin bai karɓu ba, ba diplom bana, wato takardar kammala karatu.

Ta hawo jirgin ƙasa ta zo Paris. Uwarta, Hajiya Sabuwa, ba mai jegon da ba ta sani ba daga Stains har Clichy-sous-Bois, unguwannin gefen Paris, don ita ke dama musu kunun kanwa. Ita ta haɗa ta da su. Yarinya ta bi su gida gida, ta koma.

Ba a jima ba sai ga wayarta, tana kuka.

"Baba, malamata ta ce ni na zauna na ƙirƙiro amsoshin. Wai ba yadda za a yi mata duka su ce garau suke. Har Batula da aka yi wa aiki!"

Na dubi Hajiya. Ta duƙufa tana tsintar shinkafa, shinkafar kanti da ba tsakuwa ko ɗaya.

"Hajiya, me kika gaya wa matan nan?"

"Me fa? Cewa na yi jarabawar 'yata ce, kada wadda ta kuskura ta ba ta mummunar amsa. Malam, kai so kake ta faɗi?"

Shamsiya na ji ta waya. "Inna! Ai ciwon nake nema!"

"Au, ciwo ke ba da maki?" Hajiya ta ture tire. "To, da kin faɗa mana. Taho Asabar."

"Gaskiya kawai, Inna. Ban da ƙari."

Malamar ta yarda a sake. Hajiya ta bi matan da waya: duk wadda ta ɓoye ciwo, ko ta ƙaro wanda babu, ita da kunu har abada.

Ran Asabar falo ya cika da jarirai, ni aka kora ni shan kofi. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa shiga ɗaki wurin Shamsiya. Batula ta ce tun ranar suna ba ta iya miƙewa sosai, kunya ta hana ta faɗa. A ranar aka kai ta likita, yanzu ita ke hawa bene da goyo.

Da aka sake tambayarsu bayan 'yan kwanaki, amsoshin suka zo daidai da na Asabar. Malamar ta sa hannu.

Ranar karɓar diplom muka tafi Lyon. Ina ji Hajiya na gaya wa wata 'yar Maraɗi da ke kusa da ita:

"Karatun dai nata ne. Amma ciwon nan kaf, ni na tara mata."