Ragowar Kusoshin Motar Orval

Orval Tietjen ya yi shekara talatin da ɗaya yana rabon wasiƙu a ƙauyukan Nebraska, rabin shekarun nan kuwa da mota guda. Ko da ya yi ritaya ta ci mil dubu ɗari uku da 'yan kai. Wata rana yana dawowa daga aski ta fara tuttulo farin hayaƙi, har maƙwabta suka fito duba ko gonar wani ce ta kama da wuta. Makanike ya leƙa ya ce gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo a kan inji, shi ne ya ƙone, kuma shi da tasa ce, kaji zai bar wa su riƙa kwana a ciki.

Maganar ta ɓata wa Orval rai. Ya sayo gasket, ya ce da hannunsa zai saka.

Sanyi ya hana shi zama a gareji, saboda haka duk abin da ya kwance sai ya kai teburin kicin. A makon ne kuma matarsa Maxine ta wargaza injinta na niƙa nama a ɗaya gefen, don lokacin farautar barewa ya gabato, ita ke niƙa wa rabin mutanen garinsu. Suka ja layi da alli a tsakiyar tebur. Kwana goma sha tara a tsaye suke cin abinci.

Ranar da ya gama ɗaurewa, murɗa makulli ɗaya motar ta tashi, ba hayaƙi ko kaɗan. Ya shigo yana murmushi, sai ya tarar da kusoshi bakwai zube a kan layin.

"Maxine, waɗannan naki ne?"

"Nawa yana aiki tun jiya, tsoho."

"To ai tawa ma tana aiki."

"Sai dai ni ƙananan kusoshi na cire, manya na mayar. Da guduma suka shiga."

Orval ya nemi kujera ya zauna. Ya tuna akwai wasu 'yan ƙanana da shi ma sai da ya naɗa musu waya kafin su kama, da wani faifai mai huje-huje da bai san inda ya fito ba, amma ya samar masa wuri.

"Ki kwance naki mu gani."

"Kai ka kwance taka. Barewa huɗu ke jirana."

Ba wanda ya kwance. Injin Maxine ya koma cinye cinyar barewa kafin ta ɗauko ta biyu, illa dai da safe sai an bar shi ya yi zafi tukuna. Motar kuwa da zarar ta yi mil biyu sai ƙanshin soyayyen nama ya cika titi. Karnukan garin suka gane. Duk inda Orval ya nufa, goma sha wani abu na biye da shi, har da gurgun karen mai gidan mai.

A Lahadi ta uku, bayan karnuka sun hana jama'a jin wa'azi, fasto ya ja shi gefe ya roƙe shi ya riƙa ajiye motar can bayan maƙabarta. Orval ya amince. Daga nan zuwa coci ya fi nisan gidansu zuwa coci, amma kullum a mota suke zuwa, su tako sauran a ƙasa, Maxine na mita.