Minti Uku a Ɗakin Agogo

Sati shida ya yi a gidan 'yarsa bayan an yi masa aiki a ido. Da ya dawo, gidansa ya sauya masa fuska. Rufi ya cika da farantan sola. An fasa bangon falo an sa gilashi tun daga ƙasa har sama. Ruwan wanka ma, in ji 'yar tasa da ta sa aka yi aikin, ya daina tafiya a banza, bututu ne ke kai shi gindin shuke-shuke. Tana gaba tana bayani, yana biye yana gyaɗa kai kamar baƙo, a gidan da ya shekara talatin da ɗaya a ciki.

"Baba, ka dai gane ko?"

"Na gane, Uwata."

Bai gane ba. Makunnin fitila ma ya laluba a bango bai samu ba, an shafe wurin da fenti.

A bakin ƙofa ta gindaya masa sharaɗi. "Likita ya ce in ka ga duhu ya gifta maka, kada ka ɓoye. Ko sau ɗaya idon ya yi maka wasa, ka tattara ka dawo wurina gaba ɗaya. Ba na son musu."

Ƙuryar da yake gyaran agogo kaɗai aka bari kusan yadda take, ba taga, sai tebur da kujera. Washegari da hantsi ya shiga, fitila ta kama da kanta, ya harare ta. Ya zauna, ya maƙala gilashin aiki a ido, ya buɗe cikin wani tsohon agogon hannu. Aikin ba ya son motsi, numfashi ma a hankali ake yi. Yana dab da kama wani ɗan ƙanƙanin ƙusa sai duniya ta ɗauke, ɗif.

Ya zabura, hantsaki ya faɗi. Gani ya dawo.

Ya daɗe dafe da ƙirji. Ya koma aiki, duhu ya sake rufe shi. A falo lafiya lau yake gani, har ƙudan da ke jikin gilashi. A ƙurya kuwa, da ya natsu sai idon ya mutu, da ya razana sai ya farfaɗo. Ya ɗauko agogo ya auna: minti uku cif, kowane karo. Wace irin cuta ce mai kiyaye lokaci haka?

Kwana huɗu yana ce mata lafiya ƙalau a waya. Rana ta biyar ta zo, ta same shi a ƙurya, ta jawo kwali ta zauna.

"Ka rame, Baba. Me kake ɓoye min?"

Ya so ya yi ƙarya, bakin ya ƙi. "Idon ne. Yana tafiya yana dawowa."

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin dawowata."

Ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Ta zuba wa ƙasa ido, hawaye na bin kuncinta. Shi kuma yana kallon teburinsa, yana tunanin ko teburin zai shiga motarta. Babu wanda ya motsa.

Ɗif.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Ya zo."

"Baba... ai ni ma ba na gani."

"Ke ma? Gado ne?"

Ya ji ƙarar awarwaronta, haske ya dawo. Hannunta na sama, tana dariya tana share majina.

"Fitilar ce! Ran nan fa na faɗa maka, ka ce ka gane. In ba ta ji motsi ba sai ta ɗauka ba kowa, ta kashe kanta don kada wuta ta tafi a banza."

"Ba kowa," ya maimaita. Ya ɗaga kai ya dubi fitilar. "To ni da nake zaune fa?"

"Na'ura ce, Baba, ba ta san ka ba."

"A gidana?"

Ta miƙe daga kan kwalin.

"Wato a gidana zan zauna ke nan," ya ce.

"Za ka zauna. Jibi zan turo mai lantarki ya mayar maka da makunninka."

"Kafin jibin fa?"

"Ka riƙa ɗan motsawa."

Ya dubi agogon da ke buɗe a gabansa, ya dubi hannunsa. Shekara arba'in yana koya wa hannun nan tsayawa cak.